Kawu, Mai Cire wa Rediyo Batir

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na kusa da zaure, bayan gajeriyar jinya. Yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma babba a gidanmu tun bayan rasuwar kakanmu. Na zauna rubuta wannan ne saboda ƙananan jikokinsa. Idan ba a yi hankali ba, abin da zai rage musu na labarinsa shi ne wai an yi wani tsoho mai tsoron wayar salula.

Ban taɓa ganin zaman makokin da aka sha wahalar danne dariya kamar nasa ba. Mutum zai shigo da fuskar jimami, ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya ji ƙansa." A amsa da amin. Sai ya zauna yana kallon tabarma, can sai ka ga kafaɗarsa tana rawa, ya tuno wata magana ta mamacin. Maƙwabciyarmu Mama mai doya, wata dattijuwa 'yar Tibi, ta shigo cikin gida tana kuka sosai, ta zauna kusa da matar Kawu ta riƙe hannunta.

"Baba ya tafi," in ji ta. "Yanzu wanene zai gaya min abin da ya sa doya na ya yi tsada? Ni na ce mota ne ya ƙara kuɗi. Shi ya ce a'a Mama, ki buɗe ido, akwai hannu a ciki."

Matan da ke ɗakin suka rufe baki da gefen mayafi. Ita ma matar Kawu sai da ta murmusa, hawaye na zuba.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariya ba, ita ce Iya, mahaifiyata. A gidanmu idan an gama haɗa mamaci, kafin maza su fita da shi, ana kiran makusanta su yi masa addu'a, kowa ya ce ya yafe masa abin da ke tsakaninsu. Matarsa ta ce ta yafe. 'Ya'yansa suka ce sun yafe, mu ma muka faɗa. Iya ta tsaya a kansa ta daɗe tana motsa baki da addu'a, ta shafa, ta juya ta koma ɗakinta. Kalmar nan ba ta fito ba. Duk gidan mun ji rashinta, duk gidan kuma mun san dalili. Aka ɗauki Kawu aka kai shi makwancinsa da haƙƙin ƙanwarsa a wuyansa, kuma wannan ya tsaya mini a rai fiye da mutuwar kanta.

Kafin in zo ga dalilin, sai an san wane ne Kawu.

Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru yana ba jirgi hannu a tashar Lafiya. Da jirgin ƙasa ya daina zuwa, ba a taɓa iya shawo kansa ya yarda lalacewa ce kawai ba. Wasu ne suka zauna a wani ɗaki mai sanyi a ƙasar waje suka yanke cewa a kashe shi, don a sayar mana da tayar mota. Idan ka tambaye shi su wane ne, sai ya dube ka da tausayi, kamar yadda ake duban yaron da ya tambayi inda rana take kwana. "Da an san sunansu," yakan ce, "ai da ba su ba ne."

Yana da wata rediyo mai rigar fata wadda ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Ba labarin duniya da ke wuce shi, safe da yamma. Amma duk lokacin da zai yi magana mai nauyi, sai ya kashe ta, ya juya bayanta, ya zare batir ya jera a kan tabarma, sannan ya gyara murya. Hujjarsa ita ce, akwatin da ya iya kawo maka maganar mutumin da ke bayan teku, ba abin da zai hana shi kai masa taka. Mun taso da sanin cewa idan aka ga batir a tabarma, to a natsu, ko dai maganar aure ce, ko ta gado, ko kuma Kawu ya gano wani sabon abu game da Turawa.

Shekarar da aka ba mu jiha, gari ya cika da murna, ana ta kiɗa da rawa a titi. Kawu ma ya sa babbar riga ya fita, ya dawo yana fara'a, ya ce alheri ne. Da aka idar da magariba ya zare batir. "Amma ku tambayi kanku," ya ce, "me ya sa sai yanzu?" A ganinsa, tun lokacin da Turawa suka ja layin dogo suka lanƙwasa shi a wani wuri da shi kaɗai ya lura, sun ga wani abu a ƙarƙashin ƙasar nan, suka rufe suka yi alama, suna jiran jikokinsu. Har tasowar kakanninmu daga Barno bai bar ta haka ba. Ya ce mutum ba ya barin gabas ya yi wannan doguwar tafiya don neman wurin noma kawai, tsofaffin nan sun san wani abu, ba su dai faɗa ba.

Takin zamani, an kawo shi ne don ƙasa ta saba, ta ƙi haihuwa sai da shi. Dunƙulen miya, don mata su manta daddawa. Da aka yi kusufin rana, ya yi salla tare da jama'a, ya ce wannan kam ikon Allah ne, ba hannun kowa. Muka ce alhamdu lillahi, yau an samu abu ɗaya. Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai tun kafin ranar rediyo ta faɗi lokacin. Wa ya gaya musu?" Ni malamar firamare ce, na ɗauko lemo da fitila zan nuna masa yadda abin yake. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yaba, ya ɓare lemon ya shanye, ya ce littafin da na karanta wannan a ciki ai su suka rubuta shi.

Kusan duk abin da ya hango bai faru ba, kuma hakan bai taɓa rage masa ƙarfin gwiwa ba. Idan abu ya faru, ya ce ai ya faɗa. Idan bai faru ba, ya ce sun ji an gane su ne suka fasa.

Wani abu ne mutane ba su lura da shi ba sai a shekarar rikici, lokacin da aka yi ta tashin hankali a ƙauyukan kudu da mu, jita-jita ta cika gari. Mama mai doya da iyalinta sun kwana biyu a cikin gidanmu, Kawu ne ya je da kansa ya shigo da su. Wata rana da safe wasu samarin unguwa suka zo ƙofar gida da zafinsu, suna cewa an ce mutanen su Mama suna shirya wani abu, a fito da su. Kawu ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya sa aka kawo kunu, ya zare batir.

"Wa ya ce?" ya tambaye su.

"An ce ne, Baba."

"To shi wanda ya ce ɗin, wa ya ce masa? Ku zauna, yau zan gaya muku abin da ba a so ku sani."

Ya faro musu tun daga zuwan Turawa. Ya bi layin dogo tasha tasha. Ya nuna musu yadda ake haɗa talaka da talaka faɗa don a kwashe abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Aka kira azahar ya ja su masallaci, aka dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Kafin la'asar samarin nan sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce zai je ya ɗauko babur, wani ya ce uwarsa na kira. Ba wanda ya sake dawowa. Mama mai doya ta ce ita tana daga cikin gida tana jin tausayinsu.

A lissafin Kawu, maƙwabci ba ya taɓa zama mai laifi. Mugu kullum yana nesa, yana da jirgin sama. Na kusa kuwa, iyakarsa a yi amfani da shi bai sani ba. Wannan ra'ayin ne ya ceci gidan Mama, shi ne kuma ya raba shi da ƙanwarsa, duk a shekara ɗaya.

Tun zamanin kakanmu gidanmu ke ba da kiwon shanu ga wata ruga a wajen Arikya. Babu takarda a wannan harka. Makiyayi ya sha nono, ya sami rabonsa a cikin 'yan maruƙa, mai shanu kuma ya kai gishiri duk kaka, idan buƙata ta taso ya aika a kamo masa sa. Mai rugar a zamaninmu aminin Kawu ne tun suna yara, Baffa muke kiransa. Da aka raba gadon kakanmu, rabon Iya ya faɗa a kan wata jar saniya da zuriyarta. Bayan rasuwar mahaifina, da Iya ta dawo gida da mu, shanun nan su ne bangon da ta jingina da shi.

A tsakiyar rikicin aka wayi gari rugar Baffa ta tashi. Ba sallama, ba saƙo, sai turaku da toka. Aka jira wata guda, aka jira damina ta wuce, shiru. Baffa yana da babban ɗa da ya yi aure ya zauna a Ashige yana noma, aka tambaye shi ya rantse bai san inda uban ya nufa ba. Mutane suka ba Iya shawarar da aka saba bayarwa, a kai ƙara a tsare ɗan, uban zai fito ko daga ina yake. Sai dai hakan ba ya yiwuwa sai Kawu ya yarda, don amanar ta hannunsa ta bi, shi kaɗai ne shaida.

Ina wurin ranar da ta same shi da maganar. Ya zare batir, ya fara bayani. Wani kamfani ne ya gano mai a ƙarƙashin rugar, shi ya kunna rikicin don manoma da makiyaya duk su watse. Baffa korarsa aka yi, kuma yana nan zai dawo. Idan muka kama ɗansa, mun yi wa mutanen nan aiki kyauta.

"Yaya," in ji Iya, "takin gona kana zarginsa. Abin miya kana zarginsa. Akwatin da ka saya da kuɗinka kana zarginsa. Mutumin da ya kora mini shanu na marayu, shi ne kaɗai ba ka zargi?"

"Wanda na ci tuwo kwano ɗaya da shi ba na zarginsa," ya ce. "Waɗanda ban taɓa gani ba nake zargi."

"To su za su ciyar mini da yara?"

Ya ce shi zai ciyar. Ya kuwa yi iya ƙoƙarinsa, amma fanshon reluwe ba abin da za a jingina da shi ba ne, wata ya zo wata ya ɓata. Iya ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Da ƙosan nan na gama makarantar horon malamai, kuma har yau akwai tabon mai a bayan hannunta. Ba ta sake yi wa yayanta maganar shanu ba, ba ta kuma sake yi masa wata magana ba bayan ina kwana da ina wuni. Duk Juma'a a da takan yi masa burabusko da miyar yakuwa irin na mahaifiyarsu, ta kai masa da kanta su zauna suna hira. Wannan ma ya tsaya. Gida ɗaya suke, rijiya ɗaya, haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gishirin. Duk kaka Kawu sai ya je kasuwa wurin masu kawo gishirin Keana, ya sayi buhu kamar yadda ya saba, ya sa a ɗauko a jingine a kusurwar zaure. Ya ce na shanun Baffa ne, kada su dawo su tarar ba a shirya ba. Buhu ya hau kan buhu. Da damina gishirin ya yi ta tsatsafo da ruwa, ya daskare ya zama kamar dutse, ya cinye simintin bangon har ana ganin bulo. Matarsa ta yi mita ta gaji. 'Yan unguwa suka mai da shi abin zolaya, idan mutum ya daɗe yana jiran abin da ba zai zo ba sai a ce ya sayi gishirin Kawu. Ni kaina na sha wucewa ta zauren nan ina kawar da kai don kunya.

Da ciwo ya kwantar da shi ya daina cin abinci. Ranar wata Juma'a Iya ta kira ni madafa, ta miƙo mini kwano a rufe, ta ce, "Kai masa. Kada ki ce ni na yi." Na kai. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon burabuskon, ya ci fiye da yadda ya ci a duk makon. Da ya wanke hannu ya ce a gaida mai girkin. Sannan ya nuna mini rediyo da haɓa. Na zare batir. Ya nuna jakata, na fitar da wayata na kai ta tsakar gida na dawo.

"Uwarki ba ta da laifi," ya ce a hankali. "Amfani aka yi da ita, ba ta sani ba. So suke su raba wa da ƙanwa, daga nan ake fara cin gari. Idan lokaci ya yi ki gaya mata ban riƙe ta da komai ba."

"Kawu, ga ta nan a tsakar gida. Me zai hana ka gaya mata da kanka?"

"Ta gaji da bayanina," ya ce, ya rufe ido.

Ranar addu'ar bakwai, an shafa fatiha mutane sun fara raguwa, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Ɗan Baffa na Ashige ne ke tuƙi. A bayansa wani tsoho ne siriri da sanda, rungume da ƙwarya a ɗaure cikin tsumma. Sai da ya cire malafa aka gane shi. Ya shiga zaure zai yi gaisuwa, idonsa ya sauka a kan buhunan nan, ya tambaya na mene ne. Babban ɗan Kawu ya gaya masa. Baffa ya zauna a ƙasa a wurin, ba a kan tabarma ba, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Mutanensu ba sa kuka a gaban jama'a, don haka kowa ya sunkuyar da kai aka ba shi lokaci.

Daga baya aka shigo da shi wurin Iya. Ya ajiye ƙwaryar man shanu a gabanta, ya yi ta'aziyya, ya fara magana yana kallon ƙasa. Ba kamfani, ba mai. Tsoro ne ya tashe su kamar yadda ya tashi kowa. Suka ƙetare kogi suka yi gabas har bakin duwatsu, a can ciwon huhu ya shiga garken, ya kwashe nasa da na Iya. Abin da ya tsira a zuriyar jar saniya karsana ɗaya ce.

"Da wane ido zan zo, ƙanwata?" ya ce. "Amana ne. Na ce ba zan taka garin nan ba sai na mai da abin da aka ba ni. Daga baya yaron nan ya san inda nake, ni na hana shi faɗa."

A kan karsanar nan ya yi ta kiwo har garke ya tashi. Tun farkon rani suka kamo hanyar dawowa, sun ma sauka a bayan Shabu kafin Kawu ya kwanta.

"To me ya hana ka zuwa?" in ji matar Kawu.

"Tafiya ya ramar da su," ya ce. "Na ce bari su ci ciyawa su yi kyau tukuna, kada ya gan su a rame."

Iya ta yi ta murza tabon bayan hannunta. Can ta ɗago ta ce a miƙo mata rediyon Yaya. Aka ɗauko daga kan taga inda take tun ranar rasuwar. Ta juya bayanta, ta yi ta fama da murfin don ba ta taɓa buɗe shi ba, ta zare batir ta jera su a kan tabarma.

"Ku zama shaida," ta ce. "Na yafe wa Yaya duniya da lahira. Saura ni, ban san wa zai yafe mini ba."

Nan na ga lokacin da Kawu ya ambata ya yi. Na faɗa mata saƙonsa yadda ya ba ni, ban rage ko kalma ba, har da cewa amfani aka yi da ita. Iya ta yi wata irin dariya da ta juye ta zama kuka, kukan da ta riƙe tun ranar Talata. "Ko ni ma sai da ya sa ni a cikin lissafinsa," ta ce. Mama mai doya ta rungume ta, suka yi ta yi tare.

Da aka natsu Baffa ya tambaya ina za a kawo mata shanun, ko kuwa kasuwa take so a kai.

"A kawo su ina? Ina da ruga ne?" in ji Iya, tana share ido. "Su zauna inda suke, a hannun da Yaya ya bar su. Abu ɗaya nake so, ka turo a kwashe gishirinku, ya cinye mana bango."

Sai da aka sa gatari kafin buhunan ƙasa su rabu da juna. An yi wa bangon sabon siminti, amma gishiri ya riga ya shige shi, har yanzu da damina wurin yana yin fari. A tsohuwar rugar Arikya ba a haƙo komai ba, doya da riɗi ake nomawa. Da kaka ta yi, Iya ta aike ni kasuwa wurin masu gishirin Keana, ta ce in zaɓi buhu mai kyau.

Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya huta. Ya kai shi gidan da ba a ɓoye wa kowa komai, inda zai yi magana ba sai ya cire batir ba.